Gani Ya Kori Ji: Tarihin Sa Ido Kan Malaman Sakandare a Tasawa da Mayahi

A ranar 26 ga watan Yuni na 1929 aka haifi Abdu Mumuni a garin Tasawa. A 1956 ya zama mutum na farko daga ƙasashen Afirka renon Faransa da ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin kimiyyar fizik, wato jarrabawa mafi tsauri da Faransa take yi wa masu son koyarwa a manyan makarantun sakandare. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai da Bamako, ya shugabanci jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunansa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. A littafin da ya fitar a 1964 mai suna L'Éducation en Afrique, ya soki tsarin ilimin da mulkin mallaka ya bari, ya nemi a koyar da yara da harsunansu, ya kuma ɗora nauyin gyara a kan samar da malamai masu horo.

Shekaru sittin da 'yan kai bayan wannan littafi, ƙasar da ta haifi marubucinsa tana da kwalejoji a garuruwan da a zamaninsa ko lakwal ta firamare ba su da ita. Sai dai yawan makarantu ya zo da wata tambaya da iyaye a Tasawa da Mayahi suke yi duk shekara idan sakamakon jarrabawar BEPC ya fito: wa yake koya wa malami koyarwa, kuma wa yake shiga ajinsa ya ga abin da yake yi? Amsar wannan tambaya tana da tarihi mai tsawo, kuma tarihin ya nuna cewa Nijar ta gaji tsarin sa ido da aka ƙera domin malamai 'yan kaɗan masu cikakken horo, sa'an nan ta ɗora masa dubban malamai da suka shiga aji ba tare da wannan horo ba.

Kafin zuwan lakwal

Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta na Haɓe suka yi arewa, daga cikinsu aka sami sarautun Maraɗi da Tasawa. Tare da sarauta, al'adar karatu ta Katsina ta ci gaba a waɗannan ƙasashe: makarantar allo ga yara, makarantar zaure ga manya masu karatun littattafai.

Abin lura a wannan tsari shi ne yadda ake yin malami. Yaro yakan fara a matsayin kolo, ya zama titibiri, ya kai gardi. Gardi shi ne yake biya wa ƙanana karatu, yana rubuta musu allo, yana sauraron haddarsu, duk a gaban malam. Idan ya yi kuskure a wasali ko ya tsananta wa yaro fiye da kima, malam yana zaune a kan buzunsa yana ji, gyara kuma ba ya kwana. Shekaru ake ɗauka a haka kafin malam ya yarje wa almajirinsa ya je ya kafa tasa makarantar. Ke nan horo da sa ido abu guda ne, kuma mutum guda ne yake yin su a inuwa guda. Hausawa suka ce daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Makarantar allo tana da nata rauni da aka sha faɗa, amma ba ta taɓa damƙa wa sabon malami ɗalibai ta juya masa baya ba.

Sufeton Nasara

Faransawa sun shigo ƙasar Tasawa da jini. A watan Yuli na 1899 ne rundunar Vule da Shanwan, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, ta watse a wannan yanki, aka kuma binne jagororinta biyu a Maijirgi. Bayan da mulkin mallaka ya zauna, Tasawa ta zama mazaunin kumandan, har zuwa 1927 lokacin da aka mai da hedikwatar yankin Maraɗi.

Dokokin da Gwamna Janar Rum ya sa wa hannu a watan Nuwamba na 1903 su ne suka kafa tsarin lakwal a duk Afirka ta Yamma renon Faransa: lakwal ta ƙauye, lakwal ta yanki, sai 'yan makarantun gaba da firamare a manyan birane. A wannan shekara aka buɗe makarantar horon malamai a Sanluwi ta Senegal, wadda aka mayar tsibirin Gore a 1913, daga baya ta ɗauki sunan William Ponty. Daga nan ne Bubu Hama ya fito a 1929, haka ma Diori Hamani, wanda ya yi aikin malanta a Yamai da Maraɗi kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa. Mutanen Ponty 'yan ƙalilan ne, an tace su ta jarrabawa bayan jarrabawa, sun yi shekaru suna koyon darasi da kuma hanyar koyar da shi.

A kan irin waɗannan malamai aka naɗa sufeto. Aikinsa shi ne ya iso, ya zauna a bayan aji, ya duba littafin shirin darasi da littattafan yara, ya rubuta rahoto, ya ba da maki. Wannan maki shi ne yake hukunta ƙarin girma ko canjin wurin aiki. Georges Hardy, wanda ya riƙe ragamar ilimin Afirka ta Yamma daga 1912 zuwa 1919, ya kira littafinsa na 1917 da sunan da ke nufin cin ƙasa ta hanyar tarbiyya, kuma sunan kaɗai ya isa ya bayyana manufar. Lakwal tana samar da akawu da tafinta da ma'aikacin asibiti, don haka abin da hukuma ta fi so ta sani game da malami shi ne biyayyarsa ga manhaja da kuma ga kumandan. Tun daga nan kalmar sufeto ta haɗu da fargaba a zuciyar mushe. Ranar zuwansa a share fili, a gyara allo, a zaɓi darasin da yara suka riga suka haddace.

Tsarin ya yi aikin da aka gina shi dominsa, saboda malaman kaɗan ne kuma sun iso da sana'arsu a hannu. Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, karatun sakandare kuwa kusan duk a Yamai yake.

Shekarun gini

Sabuwar ƙasa ta buɗe kwalejoji ba tare da tana da malamansu ba. Aka cike giɓin da Faransawa 'yan taimakon fasaha, da malamai daga Dahome da Togo da Senegal, da kuma Amurkawa 'yan Peace Corps waɗanda suka fara zuwa a 1962 suna koyar da Ingilishi. Rikicin tsibirin Lete, wanda ya sa aka sallami ma'aikata 'yan Dahome a ƙarshen 1963, ya tuna wa hukuma hatsarin dogaro da ma'aikacin aro.

A wannan zamani ne aka yi wani gwaji da ya cancanci a tuna da shi, ko da yake a firamare aka yi shi. Daga 1964 aka fara koyarwa ta talabijin, da taimakon Faransa. Waɗanda suke tsaye a ajin matasa ne da ba su wuce takardar gama firamare ba, an ba su gajeren horo. Amma ba a sake su haka nan ba: kowane darasi yana zuwa da takardar jagora, masu shirin suna bibiyar azuzuwan suna gyara abin da ya karkace. Yaran sun koyi Faransanci da kyau har masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo. Tsadar shirin ta hana shi bazuwa, ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970. Darasin da ya bari shi ne cewa malami mai ƙaramin horo yana iya yin aiki mai kyau muddin akwai wanda yake tare da shi kullum. Kimanin shekaru ashirin bayan tsayawarsa ƙasar ta sake ɗaukar malamai masu ƙaramin horo, ta manta da rabin darasin na biyu.

Shekarun 1970 su ne na kafa cibiyoyi. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, a cikinta kuma aka sami sashen da ya rikiɗe ya zama babbar makarantar horon malamai ta ENS, inda ake yaye malaman kwaleji da na lise, da konseye, wato masu ba malamai shawara kan koyarwa, da kuma sufetoci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1974 aka kafa INDRAP domin rubuta littattafan makaranta da jagororin malamai. Kuɗin uraniyum na zamanin Seyni Kunce ya ba da damar kai kwalejoji zuwa hedikwatocin gundumomi. A jihar Maraɗi, Lise Ɗan Baskore da lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa suka zama wuraren da ɗan Tasawa ko ɗan Mayahi mai ƙwazo yake burin kaiwa. Bambancin da aka shigar tsakanin sufeto da konseye babban ci gaba ne a tunani: ɗaya yana hukunci, ɗaya yana taimako.

Tsuke bakin aljihu da zuwan 'yan kwantiragi

Farashin uraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980, ƙasar ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni. Ɗaukar ma'aikata ya ragu, aka riƙa tura waɗanda suka gama jami'a su yi hidimar ƙasa a azuzuwan kwaleji da lise, da digirinsu na tarihi ko na tattalin arziki amma ba tare da darasi ko ɗaya na dabarun koyarwa ba. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, aka kashe uku. Taron ƙasa na 1991 ya biyo baya, sai karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994. Shekarun nan sun cika da bashin albashi, da yajin aiki, da shekarun karatu da aka soke ɗungurungum. Ofishin sufeto ya rasa man mota kafin ya rasa komai.

Shekarar 1998 ita ce mararraba. A ranar 1 ga Yuni aka kafa dokar LOSEN mai tsara alƙiblar ilimi. A wannan shekara aka fara ɗaukar 'yan sa-kai na ilimi, waɗanda daga baya aka kira malaman kwantiragi, ana biyan su alawus da bai kai albashin ma'aikaci ba. A daidai lokacin kuma dokar ritaya bayan shekara 30 ta aiki ta fitar da tsofaffin malamai masu yawa. Wato a lokacin da sababbin hannu suke kwararowa, waɗanda ya kamata su zama musu malaman zaure suna tattara kayansu. Shirin shekara goma na raya ilimi da aka fara a 2003 ya ninka yawan yaran firamare, bayan 'yan shekaru wannan ambaliya ta iso ƙofar kwaleji. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ƙara matsin lamba, domin kowace ƙaramar hukuma tana son kwalejinta. Cikin ɗan lokaci 'yan kwantiragi suka zama su ne mafi rinjaye a cikin masu riƙe da alli.

Yadda abin yake a ƙasa

A ƙidayar 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace tana da mutum fiye da dubu 500, a cikin jihar Maraɗi mai mutum miliyan 3.4, wadda take cikin mafi cunkoso a ƙasar. Garin Tasawa yana kan babbar hanyar kwalta, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi, kusan kilomita 800 daga Yamai. Mayahi tana arewa da wannan hanya, a kwarin Gulbin Kaba. Amma kwalejojin da ake magana a kansu suna warwatse ne a Urafan da Korgom da Hawan Dawaki, a Kanambakashe da Isawan da Gidan Amumun, inda hanya mafi yawa rairayi ce. Konseye na sakandare kuwa ba kamar na firamare yake ba: kowane yana da fanninsa. Mai lissafi ba zai iya gyara wa malamin Ingilishi ba. Saboda haka ziyara ɗaya zuwa kwaleji ɗaya tana bukatar mutum da yawa, da mota, da mai, da kuɗin guzuri.

Shekarar karatu ma gajeruwa ce. A ƙa'ida ana komawa a watan Oktoba, amma ajin da za a yi da karan hatsi sai an gama girbi, kuma ruwan farko na damina yana iya tashinsa. Malamin kwantiragi da alawus ɗinsa ya makara yakan shiga yajin aiki ko ya tafi birni neman haƙƙinsa. Ɗaliban da yake karɓa a siziyam, wato ajin farko na kwaleji, suna zuwa da rauni: binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa waɗanda suka kai matakin karatu da ake bukata a ƙarshen firamare a Nijar ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, a binciken 2019 adadin ya tashi zuwa kimanin kashi 30. Wannan yana nufin malamin tarihi ko na kimiyya yana tsaye gaban aji mai cunkoso inda mafi yawan yara ba sa fahimtar Faransancin da yake magana da shi.

A irin wannan aji ne ƙwarewar koyarwa take nuna amfaninta. Malamin da ba a horar ba yakan koma ga abin da ya gani a jami'a: ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, ya tambaya ko an gane, su amsa baki ɗaya cewa an gane. Zai iya yin shekara biyar a haka yana zaton yana aiki, don babu wanda ya taɓa gaya masa akasin haka. Konseye da ya zauna masa awa guda zai ga abubuwan da rahoto ba ya nunawa. Zai ƙidaya tambaya nawa aka yi da kuma su wa aka tambaya. Zai lura cewa 'yan matan da ke gefe ba su buɗe baki ba, a yankin da aure yake cire 'yan mata da yawa daga makaranta kafin su kai BEPC. Zai nuna wa malamin lissafi yadda ake fara darasin lambobi masu ragi da bashi da biya, abin da kowane yaro ya sani daga kasuwa, kafin a hau kan alamomi. Zai buɗe kundin darussa na aji ya ga ko an tsallake babi. Bayan an tashi, su zauna su biyu su tattauna, sa'an nan ya dawo bayan wata ɗaya ya ga ko an gyara. Dawowar nan ita ce ruhin aikin. Ziyarar da ba ta da ta biyu takan zama labarin da malami zai ba abokansa kawai.

Ƙoƙarin cike giɓi

An yi yunƙuri iri-iri. A sakandare akwai tsarin da malaman fanni ɗaya na makaranta ɗaya ko na makarantu maƙwabta suke haɗuwa su shirya darussa tare, su kalli ajin juna. Inda shugaban makaranta ya riƙe wannan da gaske, tsohon malami yakan zama wa sabo abin da malam yake zama wa gardi. Matsalar kwalejin ƙauye ita ce sau da yawa malamin fizik shi kaɗai ne a fanninsa, wani lokaci ma shi ne na lissafi, kuma shugaban da kansa bai daɗe da fara aiki ba.

A 2006 aka fara shirin SMASSE da taimakon hukumar JICA ta Japan, bisa samfurin da aka gwada a Kenya tun 1998, domin horar da malaman lissafi da kimiyya na sakandare. An fara da jihohin yamma, daga baya aka faɗaɗa. Shirin ya koya wa malamai su sa ɗalibi ya yi gwaji da hannunsa da kayan da ake samu a gari, su kuma duba darasinsu bayan sun gama su gyara. Kwamitocin iyaye da malamai masu kula da makarantu, waɗanda aka sani da COGES, sun kawo wani irin sa ido na daban: uba ba zai iya auna darasin kimiyya ba, amma ya san ranar da mushe bai zo ba. Buɗe jami'ar Maraɗi a 2010, wadda take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ya kusanto da masu digirin kimiyya ga makarantun jihar.

A watan Yuli na 2017 gwamnati ta yi wa dubban malaman kwantiragi na firamare jarrabawa, duk da adawar ƙungiyoyin malamai. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki, aka sallami waɗanda suka fi rauni. Jarrabawar ta fallasa gaskiya mai ɗaci, amma ta kuma nuna inda tsohuwar ɗabi'a take: hukuma ta fi saurin aunawa da hukuntawa a kan rakiya. Malaman da suka faɗi sun yi shekaru a aji kafin ranar, kuma yaran da suka koyar su ne suka cika kwalejoji.

Abin da tarihin ya bari

Idan aka jera zamunnan nan, za a ga cewa duk lokacin da koyarwa ta yi kyau a wannan ƙasa, ɗayan abu biyu ne ya samu: ko dai an horar da malami sosai kafin ya shiga aji, kamar mutanen Ponty da na ENS, ko kuma an tsaya tare da shi bayan ya shiga, kamar gardin makarantar allo da matasan shirin talabijin. Daga 1998 aka sami malamai masu yawa da suka rasa duka biyun, kuma nisan Tasawa da Mayahi daga cibiyoyin horo ya sa rashin ya fi tsanani a can. Ɗora wa ɗan kwantiragi laifin faɗuwar ɗalibai, alhali ba a taɓa nuna masa yadda ake shirya darasi ba, bai yi kama da adalci ba.

A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya matso da burin Abdu Mumuni kusa, amma ya ƙara wa tambayar nauyi. Malamin da zai bayyana wa ɗan Korgom dokar lantarki da Hausa, ya kuma shirya shi ga jarrabawar da ake rubutawa da Faransanci, yana bukatar kalmomi da littattafai da wanda zai nuna masa hanya. Horar da shugabannin kwalejoji su riƙa shiga aji, da zaunar da konseye na manyan fannoni a Tasawa da Mayahi tare da babur da man da zai kai su Urafan da Kanambakashe, ba su kai tsadar gina sababbin azuzuwa ba. Rahoton da ake aikawa Yamai ji ne kawai. Halin da malami yake ciki sai wanda ya zauna a bayan ajinsa, ya kuma sake dawowa, yake saninsa.